Halo, Halo, Ana Ji Na a Baya?

A matso da benci, mai shayi ya ƙara wuta. Yau hirar ta mutumin nan ce da ba ya kai naushi, ba ya kama ƙugu, ba ya taɓa ƙwallo, amma in an tashi wasa ya fi kowa jigata, wato mai sanarwa. Shi ta maƙogwaro yake gumi.

Mu faro daga gida. A Abare ta ƙasar Anka, da garuruwan da suka bi har Bukkuyum da Gummi, tun ba a san lasifika ba akwai mai shela, wanda mutanen yamma kan ce yana yekuwa, ya bi lungu-lungu bayan magariba da saƙon mai gari. Ba batir ba waya, sai huhu da tuwon dawa.

Shela da tsarinta take tafe: a fara da "sarki ya gaishe ku", a faɗi saƙo, a rufe da cewa wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. In kuka ji gaisuwar ta zarce ta kullum tsawo, ku fara laluben aljihu ko ku wasa fartanya, don ko kuɗi za a tara ko gayya za a fita. Gaisuwar manya ba ta zuwa ita kaɗai.

A bakin Bazamfare "aka yi" ita ce "anka yi", saboda haka mai shela a garin Anka yana iya cewa "a Anka anka hwara, a Anka anka gama" harshensa bai yi tuntuɓe ba. Baƙo daga Kano sai tausayi ya kama shi, ya ɗauka i'ina ce. Nahawu ne, malam.

Wannan "hw" ɗin kuwa ita ce kishiyar makirufo. Duk sanda ya ce "ku hwaɗa musu su hito hili", iska ta daki kan makirufon, lasifika ta yi "buf" kamar ana hura wutar maƙera. Zuga-zugi kyauta.

Can Amurka akwai wasan da suke ji da shi, besbol, wanda ni nake kira ƙwallon kulki: mutum tara-tara, wannan ya wurgo ƙwallo mai girman lemun zaƙi, wancan ya maka mata kulki ya ranta a na kare, ya zagaye sansani uku ya dawo inda ya tashi. Inda ya tashin nan "gida" suke ce masa, sai ya taka shi ake rubuta maki. Duk wannan gudu, ashe gida za a dawo.

Aikin mai sanarwarsu bai fi cikin cokali ba: ya faɗi gurbin da mai bugu ke tsarewa, da lambar rigarsa, da sunansa, ya ja baki ya tsuke. Da zarar mai jifa ya ɗaga ƙafa, ko tari ba a son ji daga lasifika. Albashin shiru yake ci.

Da dalilinsu. Daga mai jifa zuwa mai bugu mita 18 ne da 'yan kai, ƙwallon kuma takan haura kilomita 150 a awa, wato ba ta cika rabin daƙiƙa a hanya. Mai jiran irin wannan baƙuwa ba ya son a tsaya kiran sunan kakansa.

To ku kawo wannan bawan Allah filin dambe da kaka, bayan gero ya shiga rumbu, ku miƙa masa makirufo. Ya ce "wane, daga Kudu" ya yi gum, wallahi kafin a gama turmin farko an karɓe an ba mai baki. A nan shiru ba ya sayen goro.

Namu sai ya faɗi sunan ɗan dambe, da na ubangidansa, da garin da aka yanke masa cibi, da mazajen da ya kwantar, da wanda ya hango shi ya gudu ya bar takalmi. Shi kuwa gwanin yana tsaye tsakiyar fili, hannun da aka naɗe da kara yana sama, jiki sai tsuma yake. Rabin naushin daga lasifika yake fitowa.

Sunayen 'yan dambe tarihi ne a dunƙule: Shagon wane yaronsa ne da ya tashi a hannunsa, Bahagon wane da hagu yake aiki, Autan wane shi ne ƙaramin gida, Dogon wane kuwa ba sai an yi bayani ba. Mai sanarwa ya kuskura ya jingina yaro ga ubangidan da ba nasa ba, ya tayar da damben da ba a sa cikin tsari ba. Suna linzami.

Ɓangarorin ma abin ji ne: Kudu, Arewa, Guramada, sai Jamus. Kana jin an ce "ga wane daga Jamus" ka waiga neman Bature, sai ka ga ɗan rundawa da layu cike da damtse, bakinsa jajir da goro. Ba fasfo ba biza.

Kalmar da ta fi razana baƙo ita ce "kisa". Ɗan dambe ya kai ƙasa, ko da gwiwa ce ko tafin hannu, mai sanarwa ya kwarma "an kashe shi!", fili ya ɓarke da sowa, baƙo yana can yana salati. Mamacin kuwa ya tashi ya kaɗe wando ya nemi ruwan sha.

Turmi uku ake yi, in ba kisa a raba su. Su ma masu kulki da uku suke lissafi: mai bugu ya kuskure ƙwallo sau uku ya fita, mutum uku suka fita a ba abokan hamayya kulki. Ko'ina dai ka je, wani ya shiga uku.

Kowane mai bugu a can yana da guntun kiɗan da ya zaɓa, a sakar masa na 'yan daƙiƙu yana tahowa yana gyara hula. Mu take muke ce masa, kuma kalangun mahauta ya daɗe yana kiran mazaje da shi ɗaya bayan ɗaya. Sun makara, amma sannunsu da zuwa.

Kalangu yana magana ne saboda Hausa harshe ne mai hawa da sauka: makaɗi ya matse shi a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, sai kunnen da ya saba ya tsinci suna da kirari. Mai sanarwa na farko a filin dambe icce ne da fata. Kuma bai taɓa neman canjin batir ba.

Babban makamin mai makirufo shi ne alkawarin wani. Alhaji ya raɗa masa a kunne cewa zai ba wanda ya yi kisa dubu biyar, shi kuwa ya kwarmata har sau uku, da sunan Alhaji da na mahaifinsa da layin shagonsa a kasuwa. Daga nan zancen "na baro kuɗin a wata riga" ya mutu.

Akwai kuma kamun da ake yi cikin ladabi: "Mun ga Alhaji wane ya iso, Allah shi ƙara arziki, mun san ba ya zama wuri ya tashi haka nan." Alhaji kallo kawai ya zo, kuɗin mai ne a aljihunsa. Ya koma gida yana tura babur.

A ƙasar zinari irin Anka da Bukkuyum, mai sanarwa yakan gane wanda rami ya yi wa kyau tun kafin uwargidansa ta sani. Sabon agogo, sabon takalmi, da zama a bencin gaba ba a gayyace shi ba, sun ishe shi hujja. Baki jari, ido riba.

Kada ku ce Turawa da lasifika aka haife su. A Shikago an yi wani da ya kama aikin sanarwa a 1916 da ƙaton mazurarin magana mai nauyin kusan kilo shida, yana gudu daga wannan gefen fili zuwa wancan yana maimaita sunaye, sai a 1932 aka kafa masa na'ura. Bai saki aikin ba sai da ajali ya zo a 1974. Fansho ta gaji da jira.

A 1929, a wani fili a birnin Niyok, an gwada cusa makirufo cikin abin kare fuskar alƙalin wasa, aka ja waya zuwa takalmansa masu ƙarfe a ƙasa, ya taka farantin ƙarfe don muryarsa ta kai lasifika. Dabarar ba ta yi tsawon rai ba. Da damina ta same shi a haka, da an sha tsire.

A birnin dai aka yi wani malamin koyar da iya magana da ya riƙe makirufon fili guda daga 1951 har 2007. Yakan je wurin sabon ɗan wasa ya tambaye shi yadda ake furta sunansa, kuma tsakanin mai bugu da mai bugu littafi yake karantawa abinsa. Mutum dubu hamsin na ihu, malam yana juya shafi.

Ya rasu a 2010 yana da shekara 99, amma wani gwanin ɗan wasa ya ce shi fa ba mai kiran sunansa sai wannan murya. Haka aka dinga sako masa ita a na'ura duk sanda zai yi bugu a filin gidansu, har ya yi ritaya a 2014. Da tsohuwar zuma ake magani.

Lamba mafi ban dariya da aka taɓa sanarwa ta fito ne a Sen Luwis a 1951, da aka turo wani mai tsawon santimita 109 ya yi bugu, rigarsa ɗauke da lamba ɗaya bisa takwas. Mai jifa ya rasa inda zai saita, ya ɓarar da jifa huɗu, aka ba gajeren sansanin farko kyauta. Washegari hukuma ta soke kwantiraginsa, amma an riga an sha dariya.

Alƙalan wasan can ba su da wasa da habaici. A 1985 a Fulorida, makaɗin fili ya ji haushin hukunci ya saki waƙar yara ta ɓeraye uku makafi, alƙali ya waiga ya nuna shi da yatsa ya kore shi daga fili. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Abin ya maimaita kansa a 2012, a Fulorida dai, da wani yaro mai koyon aiki ya sako waƙar nan. Wannan karon alƙali ya kori yaron ya kuma sa aka kashe lasifikar gaba ɗaya, sai daga cikin 'yan kallo aka dinga kiran sunayen masu bugu da fatar baki. Sun koma yekuwa ba shiri.

Besbol zagaye tara ne, in an yi kunnen doki a ci gaba har sai wani ya ci. A garin Pawtucket a 1981 an yi wanda ya kai zagaye 33, aka dakatar da shi bayan ƙarfe huɗu na asuba 'yan kallo 19 kacal suka rage, sai bayan wata biyu aka ƙarasa. Ku tuna da mai sanarwa a addu'a.

A 2020 da annobar korona ta hana taro, an buga wasanni a filaye wayam, aka jera hotunan mutane na kwali a kujeru, aka dinga sako ihun jama'a na na'ura. Mai sanarwa kuma yana nan yana gabatar da 'yan wasa ga kwalaye cikin girmamawa. Ko kwali ɗaya bai yi liƙi ba.

Ga wadda ta fi ba ni dariya. A ƙwallon ƙafa satar gida laifi ce, usur ake hura maka. A besbol kuwa sata halal ce, ka faki idon mai jifa ka sace sansani, in ka sace "gida" kanta fili ya miƙe tsaye ana tafi. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo.

Sabuwar ƙwallonsu santsi gare ta, don haka kafin wasa sai an goge kowace da wani taɓo da ake ɗebowa daga bakin wani kogi a jihar Niyu Jasi. Ƙasa mai jirgin zuwa wata, ga ta tana sayen laka a gwangwani. Mutanen bakin gulbin Zamfara, ga kasuwa.

A wasa guda sukan ci ƙwallo gommai, kuma wadda ta faɗa cikin 'yan kallo ta zama ta wanda ya cafke, mai sanarwa dai gargaɗi kawai yake yi a kula da kai. Mu tamu guda ɗaya ce, in ta faɗa garkar wani tsoho sai a tura dattijo biko. Hutun rabin lokaci ba a shirya ba.

A tsakiyar zagaye na bakwai kowa yakan miƙe tsaye ya yi miƙa, a rera waƙa tare, a zauna a ci gaba da ɓarar gyaɗa ana zubar da ɓawo a ƙasa. Miƙa ma sai an sa mata lokaci. Gyaɗar dai mun yarda, 'yan uwa ne.

Kada a ce abin bai taɓa zuwa ƙasar nan ba: an buga besbol a Abuja a 2003, lokacin wasannin ƙasashen Afirka. Daga Abuja zuwa Abare kuwa har yau kulkin bai iso ba. Wanda ke akwai na 'yan sintiri ne.

Mu dawo kan kayan aiki. Lasifikar filinmu mai bakin kakaki ce, a ɗaure ta da igiya a reshen dogon yaro, a ja waya mai gaɓa bakwai kowace an naɗe ta da leda, a jona da batirin mota, a sa yaro guda ya riƙe wurin da ke motsi. Yaron nan ya yi atishawa, gari ya yi tsit.

Ƙarar nan mai tsinka kunne da lasifika kan yi ba aljanu ba ne. Makirufo ne ya jiyo muryar lasifika ya mayar mata, ita ma ta ƙara masa, suka yi ta cacar baki har abin ya zama kururuwa. Maganinta ka koma bayan lasifika ka tsaya. Kishiyoyi ba a haɗa su fuska da fuska.

Sauti yana cin kusan mita 340 a daƙiƙa. In aka kafa lasifika ɗaya kusa da kai, ɗaya kuma a nisan mita 170, ta nesan za ta iso kunnenka bayan rabin daƙiƙa, ka ji mai sanarwa yana gardama da kansa. Biyu ka ji, ɗaya aka biya.

Ba a taɓa kunna makirufo a ƙasar Hausa an fara da magana ba. Sai an hura shi, an ƙwanƙwasa masa kai da yatsa, an ce "halo, halo, wan-tu, wan-tu", ko da mai riƙon bai taɓa zama ajin boko ba. Turancin kowa da kowa ke nan, kuma a biyu yake tsayawa.

Hunturu shi ne babban abokin gaba, ga shi kuwa lokacin wasanni ke nan: ƙura ta shiga maƙoshi, murya ta dushe tun kafin manyan 'yan dambe su fito. Shi ya sa aljihun mai sanarwa ba ya rabo da citta da kanumfari, ga ɗan kwalbar zuma, ruwan sanyi kuwa ko kyauta ba ya karɓa. Kantin yaji mai tafiya da ƙafa.

Abu guda ke kashe lasifikar fili ba gardama, kiran salla. Ko ana tsakiyar turmi na uku ne, ladan ya ɗaga murya sai mai sanarwa ya ce a dakata, makaɗa su sauke kalangu. Naushin ya jira, ba inda za shi.

Sanƙira shi ne yayan duk masu sanarwa. Ranar suna liman ya faɗi sunan jariri ƙasa-ƙasa, shi ya ɗauka ya cilla har zauren maƙwabta. Ranar ɗaurin aure shi ke shaida wa na bayan taro cewa an biya sadaki lakadan ba ajalan ba. Jaridar unguwa, bugun safe.

A ƙungiyar makaɗa kuma akwai ɗan ma'abba, wanda ba ya kiɗa ba ya amshi, sai dai ya faki inda waƙa ta numfasa ya cusa kirari da asalin wanda ake yi wa. Zamfara ƙasar makaɗa ce, ta san darajarsa. In an zo rabo, da kasonsa.

Mata ba a bar su a baya ba, don guɗa ɗaya daga cikin gida ta isa ta sanar da unguwa cewa amarya ta iso, ba tare da kalma ko ɗaya ba. A babban rukunin besbol na Amurka kuwa sai a 1993 mace ta samu kujerar sanarwa ta dindindin, a San Faransisko. Maguɗiya ta riga su da nisa.

Japan ta bi wata hanya: a can muryar mace aka saba ji a filin besbol, har suna kiran mai sanarwar da sunan wani ɗan tsuntsu mai zaƙin murya, uguisu. A hankali take jan suna, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Kanari a bakin aiki.

A gasar 'yan sakandarensu da ake yi a filin Koshien, jiniya ce ke buɗe wasa ita ke rufewa, waɗanda aka cinye kuma su durƙusa suna kuka suna ɗibar ƙasar filin a jaka su kai gida. An ce inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Su sun tafi da shaidarsu.

Maƙwabtanmu na Nijar sun mayar da kokawa sarauta: tun 1975 da aka fara a Tawa ake gasar takobi, yau jihohi takwas kowace ta kawo mazaje goma. Tsakanin karawa da karawa sai 'yan cali-cali su shigo fili suna kwaikwayon 'yan kokawa, da tafiyarsu da faɗuwarsu. Su sanarwarsu da ƙugu suke yi.

A Argungu, ranar kamun kifi a Matan Fada, ba a dogara da maƙogwaron kowa ba, bindiga ake bugawa dubban masunta su auka ruwa da koma da gora. Haka ganin watan azumi ko na salla, garuruwa da yawa bindiga ce ke fara faɗa. Ita ba ta cewa "halo".

Ɗan kamasho ma mai sanarwa ne, illa dai lissafinsa ba ya ƙaruwa. Ka shiga mota kana ji yana "Gusau, saura mutum ɗaya", ka yi barci ka farka, mutum uku sun shigo, har yanzu saura mutum ɗaya. Mutumin nan dai ba ya zuwa.

A hanyar Anka zuwa Gummi akwai garin Ɗaki Takwas. Baƙo ya ji ana ta kiran "Ɗaki Takwas! Ɗaki Takwas!" a tasha, ya matso ya tambaya nawa ne hayar ɗaya. Ciki da falo babu.

Mai sharhin ƙwallon ƙafa da Hausa yana da nasa dutsen a gaba: abin da yara ke kira fanareti, shi sai ya ce "bugun daga kai sai mai tsaron gida", kalma bakwai cur. Kafin ya kai ƙarshe an buga, an ci, an dawo tsakiya. Hausa ba ta gaggawa.

Takardar da ake miƙo wa mai sanarwa ita ce ramin muguntarsa, don masu rubutun hannu ba su damu da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ba. An sha jin wanda ya karanta abin da ya gani tsakani da Allah, ya yi maraba da "manyan baki". Su kuwa suna bencin gaba, cike da naman kaza.

Sai jerin laƙabi. Alhaji, Dokta, Injiniya, Honarabul, ga sarautar gargajiya a ƙarshe, ka tsallake ɗaya a aiko yaro ya ja maka riga. Babban baƙon kuma ba ya isowa sai daidai lokacin da ɗan gaba ya yanke gola. An ci ƙwallo muna kan "Injiniya".

Ni ma na taɓa ɗanɗanawa, shi ya sa nake tausaya musu. Wasan ƙarshe ne tsakanin unguwa biyu a filin firamare, muryar mai sanarwa ta mutu bayan hutun rabin lokaci, aka duba aka ga ni ne mai surutu a kusa, aka ɗora ni kan tebur aka miƙo makirufo mai ɗaurin roba. Rigar aro, ga ta har ƙasa.

Minti goma na farko lafiya lau, har na fara jin kaina. Sai alƙali ya ba da fanareti, na sauke makirufo zuwa ƙirji ina zaton na kashe, na ce wa na kusa da ni, "Ai dole, surukinsu ne," dogon yaro ya maimaita wa mutum ɗari biyar. Magana zarar bunu.

Alƙalin ya tsayar da wasa ya tako har gaban tebur, ya ɗaga kai ya ce, "Malam, sauko ka karɓi usur ɗin." Allah ya taimake ni wata tsohuwa ta kutso a daidai lokacin da cigiyar jar akuyarta mai yankakken kunne, na rungumi cigiyar nan na yi ta maimaitawa har ya gaji ya koma. Ban taɓa son akuya kamar ranar ba.

A Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, wayoyi sun koma tocila da agogo. Saƙo ya koma bakin direba da lasifikar masallaci da mai shela, waɗanda yara suka ɗauka kayan tarihi ne. Tsohon doki ya sha sukuwa.

Cigiya kuwa ita ce aikin da ba ya ƙarewa, a Shikago ko a Bukkuyum: can mota ce aka bari da fitila a kunne, nan babur ne ya tare ƙofar fili. Yaron da ya ɓata sai a ɗaga shi sama kan tebur a tambaye shi sunan babansa, ya share hawaye ya ce "Baba". Rabin fili ya waiga.

An tashi wasa, ƙura ta lafa, mai rake yana tattara ɓawo, mai sanarwa shi kaɗai ya rage yana faɗa wa filin wofi cewa an tsinci takalmi ƙafar hagu, mai shi ya zo da na dama don shaida. Mai batir yana tsaye a kansa yana jiran kayansa. Jar akuyar nan kuwa, wanda ya gan ta ya yi magana.